Ƙwarar Kaɗanya a Bayan Randa

A ƙauyenmu, kusa da Damari, yaro ba ya tambayar wane wata ake ciki, bakinsa ne ke gaya masa. In haƙora sun yi rawaya, ɗorawa ta nuna. In harshe ya yi baƙi, ɗinya ce ta shigo. Kanya da magarya kuwa sai an gama girbi. Wuni muke a daji muna ci muna tafe, in an sauke tuwo da yamma Inna ta yi ta faɗa wai mun cika ciki da banza.

Kaɗanya ce kaɗai ba ta cewa banza. Ita ba a jifanta, ba a hawa a girgiza, sai ta faɗo don kanta a farkon damina. Mu tsinta mu shanye naman, ƙwarar kuma mu kai wa Inna ta yi man kaɗe. A gidanmu wanda ya yar da ƙwara kamar ya zubar da hatsi ne. Ni ce babbar 'yarta, ni ke cika mata ƙwarya, kuma ina ji da wannan ba kaɗan ba.

Da aka ce kowane mai gari ya ba da yara makaranta, sai abin ya faɗo kaina. Aka kai ni Faskari wurin Gwaggo, yayar babana, aka sa ni elementare. Can na ga yaran da sai an tashi tara suke sa wani abu a baka, shi ma sai sun saya: dafaffen rogo, gyaɗa, wani lokaci yalo. Kowane mangwaro a garin da mai shi, kuma mai shi yana da sanda. Malam yana da ɗan lambu a bayan aji, tumatir da wani ganye da ya ce sunansa latas. Ya ce ɗanye ake ci, yana gyara jini, ya yanko wa kowa ya kai gida. Gwaggo ta juya shi a hannu ta dube ni.

“Ɗanyen ganye? Karatu aka kai ki ko kiwo?”

Ta miƙa wa akuyarta. A wurin Gwaggo abinci tuwo ne, duk abin da ya fito daga itace kwaɗayi ne.

Ranar da ruwan farko ya sauka na kasa zama. Ina kan benci, hankalina yana gindin wata kaɗanya a bakin rafinmu wadda ta fi kowacce zaƙi. Malam ya yi tambaya na ba shi amsar wata daban. A gida in ɗauki tsintsiya in ajiye, in fita ƙofa in dawo, har Gwaggo ta ce ko tururuwa ce a zanena. Ba kwaɗayi ke damuna ba. Tsoro nake ji kada gidanmu ya koyi zama ba tare da ni ba. Ƙanwata ko ƙwarya ba ta iya ɗauka ba tare da ta zubar ba, to wa zai tsinto wa Inna?

Ana haka Kawu, ƙanen Inna, ya biyo daga cin kasuwar Mairuwa da ɗan kwando an rufe da ganye. Kaɗanya ce Inna ta aiko mini, ta ƙarasa nuna a hanya. Washegari na kai makaranta na raba wa 'yan ajinmu, da sharaɗi guda: kowa ya dawo mini da ƙwara. Suka yi ta dariya, wai 'yar daji tana ba da nama tana roƙon ƙashi. Wani yaro ya wurga tasa bayan katanga, na shaƙe shi har sai da ya zagaya ya nemo. Na sha bulala a kan haka, ban kuwa yi nadama ba.

Gwaggo ba ta barin abin da ta kira tarkace, don haka na ƙulle ƙwarar a tsumma na cusa bayan randa, inda tsintsiyarta ba ta kai. Kullum in na zo ɗiban ruwa sai na sa ƙafa na taɓa in ji tana nan. Hutu kuwa ya ƙi zuwa, kamar da gayya.

Da ya zo, na ɗora ƙullina a ka, ban kwance ba sai a gaban Inna. Duk sun fashe, kowace ta fitar da farar saiwa, suna warin ruma. Na sha ganin Inna tana dafa ƙwara tana shanyawa da wuri, amma ban taɓa tambayar dalili ba. Ni kuma na kai ta wurin da ya fi ko'ina laima a gidan. Ƙwarar da ta yi tsiro ba ta ba da mai.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Murmushi ta yi ta shafa kaina.

“Ayya ɗiyata, mi ya kai ki wahala? Don ki sha na aiko maki. Ƙwara ai ƙanwarki ta tsinto, har ta yi mamu yawa bana.”

Na waiwaya na ga buhu cike a jingine da rumbu. Ƙanwata tana tsaye kusa da shi, tana kallona da kunya irin wadda ake yi wa baƙo.

Da aka sauke tuwo, ƙannena suka kewaye akushi ɗaya kamar kullum. Na matso zan sa hannu, sai Inna ta kira ni gefe ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nawa ni kaɗai a kwano mai murfi, wanda take ajiyewa saboda baƙi. Na ce Bismillah na ci, don kada ta ji babu daɗi.