Shekarar da Aka Goge

Wani kamfanin zuba jari ya yaudari tsofaffin ma'aikatan asibiti da takarda guda, kuma da hannun Mai Zane aka yi ta.

Mai Zane ba macuci ba ne. Ɗan shagonsa yana ƙarƙashin bene: kwamfuta ɗaya, fanka mai kuka, da injin buga takarda da ba ya tashi sai an mare shi. Kalanda yake yi da allon shaguna. Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, da albashinta na ungozoma ta saya masa kwamfutar.

Ran nan manajan kamfanin ya kawo aiki. Hoto yake so na ƙasashe a jere, kowace da sandarta, tsawon sandar gwargwadon takardun bashin wata ƙasa da ta saya ta ajiye. Wato a ga manya ma sun ranta wa waccan ƙasar, balle kai.

Ya zana, ya rubuta shekarar lissafin a ƙasa. Manaja ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Malam, cire shekarar nan."

"Ranka ya daɗe, ai lissafin ya tsufa. Ina na bana?"

"Kai mai zane ne ko ɗan sanda? Tana ɓata kwalliya. Cire, ka ƙara wa sandunan kala."

Ya gane sarai ba zancen kwalliya ba ne. Amma manaja ya riga ya yi masa alkawarin kalandar kamfani. Ya danna, shekara ta ɓace. Bai ko tambayi inda za a kai takardar ba.

A zauren taron 'yan fansho aka manna ta. Yaya ta hango tambarin shagonsa a kusurwa, ta dafa ƙirji.

"Aikin autanmu ne! Yaron da ko canjin aike bai taɓa ci ba."

Ta zuba kuɗin sallamarta kaf a kamfanin don a saya mata takardun, ƙawayenta suka bi ta. Ashe manyan ƙasashen sun daɗe da rabuwa da takardun. Waccan ƙasar ta ce ba ta iya biya, kamfani ya ce a yi haƙuri, haka kasuwa take.

Yanzu Yaya, da gwiwarta mai ciwo, ta koma gwada wa mutane hawan jini a wani kantin magani. Shi kuwa ya tsiri zuwa gidanta kullum, yana gyaran famfon da lafiyarsa ƙalau.

"Auta, famfon nan ka aura ne?" in ji ta. "Zauna ka ci abinci. Kai ma ai sun cuce ka, sun ɓata maka suna."

Ya zauna. Ya ajiye cokali.

"Yaya, ni na goge shekarar. Na san lissafin ya tsufa."

Ta kalle shi. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

"Ni da sauƙi," ta ce. "Matan da suka bi bakina fa? Akwai taro jibi. Ka zo ka faɗa musu."

Zai je. To manaja fa, da masu kamfanin da ke bayansa? Ku fito daga ofis, ku tsaya gaban tsofaffin nan, ku mayar musu da guminsu.