Goggo Hanne da gishirin da ya narke

Duk wanda ya san Goggo Hanne ta Gafasa, ƙanwar mahaifina, ya san ba a cewa "ya lalace" a gabanta. Da abu biyu sun cakuɗe sai ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Haɗuwa suka yi, ai ba aure aka ɗaura musu ba. Miƙo min rariya!"

Kun tuna ranar da allura ta faɗa mata cikin garin tuwo? Muka ce a tankaɗe, ta ce a'a, sai maganaɗisu. Gidan kuwa babu shi sai a cikin rediyon mijinta, Malam Sule. Kafin ya dawo daga gona ta ɓalle bayan rediyon da wuƙa.

"Hanne! Rediyona guda saboda allura?"

"Malam, zaɓi ɗaya. Ka ji labarai, ko ka haɗiyi allura a ba da naka labarin."

Bawan Allah, har ya rasu a maƙwabta yake jin labarai.

Sai kuma ranar sukari da gishiri, da surukarta ta juye a kwano ɗaya bisa kuskure. Kwana biyu Goggo tana fama, rariya ta ƙi, faifai ya ƙi. A na uku ta baza su a tire, ta ajiye bakin ramin kiyashi. Suka kwashe sukarin tas, suka bar mata gishirin.

Na ce, "To Goggo, ina sukarin?"

"Rabawa na ce zan yi. Kin ji na ce zan karɓo?"

Na yi mata dariya har da riƙe ciki, ban san nawa yana tafe ba.

Shekarar da mijina ya rasu, duk jarina buhun gishiri ɗaya ne. Shi nake aunawa a kasuwar Gaya ina ciyar da 'ya'ya uku. Na ɗora shi cikin babban baho don gudun danshi, sai ruwan sama ya huda rufin ɗakin daidai kansa. Na dawo na tarar da baho cike da ruwan laka, buhu ya zama fanko. Ina shirin kifar da bahon sai ga Goggo ta sauko daga babur.

"Kul! Kika zubar sai na saɓa miki. Gishiri bai je ko'ina ba, ɓuya ya yi."

Ta bar lakar ta kwanta, ta tace ruwan da mayafinta, ta ɗora tukwane uku a murhu. Itacena duk ya jiƙe. Goggo, matar da ke tsaga ashana biyu don tsimi, ita ce ta sa aka kwaso mata karan da ta tara na damina gaba ɗaya daga Gafasa. Kwana uku tana tsugune cikin hayaƙi, idanu jajur, har ruwan ya ƙone, gindin tukunya ya yi fari fat.

"Ɗanɗana."

Na ɗanɗana, sai kuka ya ƙwace min.

"Ke, matsa can! Kina zuba min ruwa a ciki, kina ƙara min aiki."

Ranar kasuwa na koma rumfata da kwanon awo. Yaran nan ba su kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, ita kuwa ta ƙarasa daminar tana roƙon kara a maƙwabta, ba ta taɓa faɗa min ba sai da na ji a wurin ta'aziyyarta. Ina kewarta ƙwarai. Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka kabarinta, ya rufa mata asiri yadda ta rufa min.