Wutar da Kaka Ta Kai da Kanta

Warin taba ne ya hana ni zama tun safe. Ba a bakin titi na ji shi ba, a wuyan rigar babban ɗana na shaƙi warin, ɗalibin jami'a da ya zo mana hutu. Na zagaya tsakar gidan nan har kaji sun gaji da ba ni hanya.

Ni da warin nan mun daɗe da sanin juna. A Samaru na tashi, a gidan da Baba ya ba ɗalibai hayar ɗakunan waje. Akwai wani dogo a cikinsu, sumarsa ta isa tsuntsu ya yi sheƙa har ya sauki baƙi. Littafi a hagu, sigari a dama. Mu yara mun gama yarda hayaƙin ne ke share wa boko hanya zuwa ƙwaƙwalwa, su kuma abokansa duk wanda ba ya busawa ɗan ƙauye suke ce masa.

Da damina ashana kan yi sanyi ta ƙi kamawa. Sai dogon ya miƙo mini kara ɗaya: "Ƙane, je ka murhu ka kunno mini." To sigari ba ya kamawa sai an zuƙa, kuma kafin ka ƙetare tsakar gida sai ka ƙara ja kada ya mutu. Yaran layinmu da yawa haka suka koya, da sunan aike.

Wata rana Kaka ta same ni ina tari a bakin murhu, idanu kamar an zuba barkono. Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta karɓe karan, ta ɗebi garwashi a kasko, ta ɗingisa har ƙofar dogon, ta zauna daram.

"Maigidana, ga wutar. Kunna, ina kallo."

Wane shi! Ya busa hayaƙi a gaban sa'ar kakarsa? Ya durƙusa, gumi ya jiƙa shi kamar ya faɗa rijiya. Daga ranar, ko atishawa ya yi sai ga Kaka da kasko. Bawan Allah ya koma tafiya har Sabon Gari don zuƙa ɗaya, tafiyar ta ishe shi, ya haƙura. Ni ma ba a sake aika ni murhu ba.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, murhun ya zama risho, kowane aljihu da laitarsa, babu mai neman wuta a gidan kowa. Duk da haka na sayo ashana, na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin yaron, ina jiran ya dawo daga wurin abokansa. Zan miƙa masa in ce ya kunna, ina kallo.

Abin da ke tayar da ni tsaye kuwa, kada ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Na gode, Baba."