Gwiwar da ta ƙi lanƙwasawa

Ina da shekara arba'in da 'yan kai keke mai ƙafa uku ya kife da mu a kusa da gadar Kawo, ina hanyar dawowa daga aiki. Sauran fasinjojin sun tashi da ƙujewa, ni kuwa gwiwata ta dama ce ta farfashe. Aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe, na shafe watanni a kwance a gidanmu da ke Abakpa. Da na fara takawa sai na tarar da wata ƙafa wadda ban sani ba. Ta rame, ga dogon ɗinki tun daga cinya har ƙwauri, kuma ba ta lanƙwasawa sai ɗan kaɗan. Likita ya ce in gode wa Allah, amma sujada da zaman tahiya sai dai a kan kujera.

Maganar kujerar nan ita ta fi tsaya mini a rai. A masallacin layinmu akwai kujerun roba a ƙarshen sahu, wajen tsofaffi ne, waɗanda muke gaisarwa da rusunawa. Na kasa ganin kaina a cikinsu, sai na koma yin salla a ɗaki, in turo ƙofa. Ko wanka zan yi ba na duban ƙafar, in zuba ruwa in goge da sauri in sa wando. Maiɗakina ta sayo man shafawa ta ce in bari ta riƙa murza mini, na ce ta bar shi kawai.

Da na koma ma'aikatarmu na tarar aiki ya taru yana jirana, ofishina kuma a saman bene. Ina hawa ana wuce ni ana yi mini sannu, kowace sannu kamar an ɗora mini dutse. Don kada a ce na gaza, duk abin da aka miƙo sai in karɓa. A gida kuma ni ne babba. Ƙanena sun sami saɓani da matarsa, ni za a kira. Rufin ɗakin Inna yana yoyo, ni za a kira. Gonarmu ta Rigachikun ana rigimar iyaka da maƙwabci, nan ma ni. Wayata ba ta yin shiru, ni kuma ban taɓa iya cewa a bari sai gobe ba.

Wata Laraba da rana na sauko daga ofis na shiga mota, waya na ƙara a aljihuna, sai na ji ƙirjina ya ɗaure. Numfashi ya ƙi shiga, gumi ya jiƙa mini riga. Na ɗauka tafiyar ce ta zo, har na fara kalmar shahada. Wani abokin aiki ya kai ni asibiti, aka gwada zuciya aka ce lafiyarta lau. Likitan ya ce gajiya ce da damuwa suka yi mini yawa, ya ba ni shawarar in rage kaya, in kuma riƙa zuwa gashin ƙafa da na daina zuwa. Na ce to, washegari na koma ofis.

Ban san maiɗakina ta je Hayin Banki ta kwashe komai ta faɗa wa Inna ba, sai ranar Asabar da ta ce, "Inna na neman ka bayan la'asar. Ta ce kai kaɗai."

Bari in ɗan yi bayanin yadda muke da Inna. Bakatsiniya ce, ni ne ɗanta na fari, kuma tana cikin matan da suka riƙe alkunya da gaske. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana magana a kaina sai ta ce "yaron nan", in da ni take sai ta ce "kai". A hannun kakata na tashi. Ko da nake asibiti, Inna takan zo ta zauna can bakin ƙofa, ta tambayi maiɗakina yaya mai jiki, ta tashi ta tafi. Na san tana so na, amma ban iya tuna ranar da hannunta ya taɓa jikina ba.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ƙarƙashin bishiyar gwaiba, ta sallami kowa. Na gaishe ta a tsaye, tunda durƙuso ya gagare ni, kunya ta rufe ni. Ta nuna mini wani benci.

"Zauna. Ina wayar taka?"

Na fito da ita.

"Kashe ta."

"Inna, akwai wanda zai kira ni a kan maganar gona."

"Gonar ba ta da ƙafa, tana nan inda ubanku ya bar ta. Kashe."

Na kashe. Ta jawo wani ɗan kwano mai murfi, ta buɗe, man kaɗanya ne. Ba ta dube ni ba ta ce, "Naɗe wandon."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta sake faɗa. Na naɗe wandon a hankali, ina kallon katanga. Ta matso, ta ɗaga ƙafar da hannu biyu ta ɗora a kan cinyarta. Ta daɗe tana duban ɗinkin, sannan ta lakaci man ta murza a tafinta har ya narke, ta fara shafawa daga sama zuwa ƙasa. Hannunta da kaushi, da ɗumi.

"Mi ta yi maka?" ta tambaya.

"Wa?"

"Ita ƙafar. An ce ko kallon ta ba ka yi. Keke ya faɗo mata, an yanka ta, an cusa mata ƙarfe, duk da haka ta tashi tana ɗauke da kai har saman bene. Kai kuma kana fushi da ita."

Na buɗe baki in yi magana, sai kuka ya zo mini, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu. Ba ta ce in yi shiru ba, ba ta kuma daina shafawar ba. Can ta ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, "Ranar da aka haife ka, da kowa ya fita, sai da na buɗe zanen na ƙirga 'yan yatsun ƙafar nan. Ban taɓa gaya ma kowa ba."

Muka zauna har inuwa ta cinye tsakar gidan. Ta ce in ja numfashi sosai in sake shi a hankali, kamar mai hura koko mai zafi. Na yi, ta ce in ƙara. Da zan tafi ta miƙo mini kwanon, ta ce kullum bayan la'asar in zauna in shafa da hannuna, ina kallo, waya a kashe. Ta ƙara da cewa, "Ƙannenka kuma ka bar ni da su. Duk sun yi gemu."

Ba zan ce na warke a ranar ba. Kwanakin farko ina shafa man ne kawai don kada ta tambaya. Amma a hankali na fara sanin ƙafar: inda fatar ta mutu ba ta jin taɓi, inda take tsami in hadari ya haɗo, inda naman ya fara dawowa bayan na koma gashi a asibiti. Zaman nan na bayan la'asar ya zama nawa. Maiɗakina takan kawo mini shayi mai citta ta ajiye, wani lokaci ta zauna, wani lokaci ta bar ni. In ƙirjina ya fara ɗaurewa a ofis, sai in ajiye biro, in dafa gwiwar, in yi numfashin nan har ya sake ni. Na roƙi a mayar da ni ofishin ƙasa, abin da na yi ta jin nauyin faɗa, sai ga shi shugabanmu ya amince ba tare da wata tambaya ba. Na kuma koyi cewa, "Yau ba zan iya ba, a bari sai jibi." Da farko bakina har rawa yake in zan faɗa.

Masallaci ne ya zo a ƙarshe. Wata magariba a cikin damina, an ɗauke ruwa ke nan, na ɗauki sandata na fita. Na shiga da kaina a ƙasa, na nufi ƙarshen sahu. Wani dattijo Bazamfare, tsohon direban babbar mota da ƙugu ya zaunar da shi, ya jawo kujerar da ke kusa da shi ya kakkaɓe mini da hularsa.

"Zo nan, ɗana, wagga ta fi ƙwari. Waccan tana da ƙafa guda mai ha'inci."

Bayan an sallame ya tambaye ni ko tawa gwiwar ma tana sanar da ni zuwan ruwa. Na ce tun jiya take faɗa. Ya yi dariya ya ce nashi ƙugun sai ruwan ya sauka yake ba da labari, don haka daga yau ni zai riƙa tambaya kafin ya sa a shanya masa kaya. Muka fito tare, yana dogara sandarsa ina dogara tawa, muna zagaye kwatamin da ya cika ya malalo kan hanya. A bakin layinsu ya tsaya ya ce gobe in zo da wuri, don masu zuwa da asuba sukan riga mutum kujerar kirki.