Tsakanin Montreyal da Ibohaman

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hadiza, kuma har yau ina tuna ranar da ta tare ni a ƙofar gida, a ƙauyenmu Ibohaman, da tambaya. Ɗanta Salisu, shi kaɗai ta haifa, ya samu karatu a Montreyal, can ƙasar Kanada. Da yake ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Keita, duk abin da ya shafi nesa ni take tambaya.

"Auta, garin da yaron nan za shi, tafiyar kwana nawa ne?" Ba ta kiran sunansa, saboda kunyar ɗan fari.

Na ce, "Yaya, ba a kwana ake lissafi ba. Daga filin jirginsu zuwa na Yamai awa goma sha wani abu ne a sama, sai ɗan jiran da ake yi a Kazablanka."

Ta yi dariya. "Ashe ya fi Abijan kusa." Marigayi mijinta ya yi shekaru yana zuwa ci-rani Abijan, kwana da kwanaki bisa babbar mota. Tun daga ranar hankalinta ya kwanta. Ko wa ya jajanta mata nisan ɗanta, sai ta ce in ya karya kumallo can, a gida zai ci tuwon gobe.

Da ciwo ya kama ta cikin damina, ta hana a gaya masa. Ta ce yana jarrabawa, kuma ai kusa yake. Da jikin ya tsananta na kira shi. Bai samu wuri a jirgi ba sai bayan kwana biyu. Jirgin dai ya cika alkawari. Amma daga Yamai sai da ya wuni cikin mota kafin Tawa, daga nan ruwa ya sauka, ƙorama ta cika ta yanke hanyar Keita. Yana tsaye a bakinta, da jakarsa a hannu, ya kira ni.

"Kawu, ku ce wa Inna na iso, ruwa nake jira ya janye."

A lokacin muna dawowa daga maƙabarta.

Yanzu abubuwa sun sake. Matan ƙauyenmu suna ganin fuskar 'ya'yansu a waya, daga Libiya, daga Faransa. Da Hadiza na nan, na san kowace Juma'a sai ta ɗaura sabon kallabi ta zauna gaban wayar, ta yi masa faɗan rama. Wataƙila shi ma da ya ga tata ramar da wuri. Allah ne masani.

Bara Salisu ya zo da ɗiyarsa, wadda ya sa wa sunan uwarsa. Hausarta ba ta nuna ba. Na kai su kan tudun bayan gari, inda Hadiza da sauran mata suka yi shekaru suna jera duwatsu don tare ruwa, suna dasa itace a fako. Wurin ya zama inuwa, awaki na kwance a ciki. Yarinyar ta tambaye ni wane itace ne na kakarta. Ban sani ba, don ba wanda ya sa alama. Salisu ya ce mata ta zaɓa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dafawa, mu kuma muka tsaya muna jiranta har aka kira la'asar.

Allah Ya jiƙan Hadiza, Ya sa ta huta.