Awon Bakin Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Mutumin nan" take ce mini, ko da muna zaune a tabarma ɗaya. Ba ta cin abinci a gabana, in dariya ta kama ta kuwa sai ta ja mayafi ta rufe baki. Sai ga shi sana'ar da na koyo a Yamai ita ce haɗa haƙoran roba, aikin da ba ya yiwuwa sai mutum ya wangame maka baki.

Lokacin da na dawo Gaya na buɗe ɗan ɗakin aikina, haƙoran Inna na sama duk sun zube. Ta bar nama, ta bar goro, kifin kogi ma da take so kamar ranta sai ta kurɓi romo ta ture kwanon. Kunu da fura kawai, tana ta ramewa a kan idona. Na yi wa 'yan kasuwa haƙora, na yi wa direbobi masu jiran ƙetare gada zuwa Malanbil, amma uwata ta ƙi. Wata uku ƙanwata ta yi tana lallashinta kafin ta yarda, shi ma da sharaɗin sau ɗaya tak.

Yadda aikin yake, ana danna wani kwaɓi mai laushi a dasashi ya ɗauki awon baki, sannan a dama gari a zuba a cikin awon. In ya daskare ya zama bakin mutum na dutse, a kansa ake gina haƙoran. Garin iri biyu nake ajiyewa. Akwai farin falatir, irin wanda ake ɗaure karaya da shi a gidan likita, mai saurin kamawa amma farce na karce shi. Akwai kuma mai ruwan ɗorawa, wanda in ya bushe ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar tangaran. Tun a lakwal, makarantarmu ta Yamai, aka koya mana cewa fari na gindin zubi ne kawai, bakin kansa sai mai ruwan ɗorawa.

Ranar da Inna ta zo, ta zauna ta runtse ido, ni ma na kau da kai gwargwadon iko. Na ɗauki awon, ta tashi ta fice ba sallama. Na juya ga garin mai ruwan ɗorawa. Damina ce, na bar bakin buhun a sake, danshin kogi ya shige shi duk ya yi gudaji. Awon kuwa ba ya jira, yana shan iska zai tsuke. Na san abin da ya kamata: in bari sabon gari ya zo, in sake roƙonta. Kunya ta hana ni. Na ɗebo farin na dama.

Wajen gina haƙoran, gefen dasashin zubin ya ɗan goge, abin da bai kai ƙwayar gero ba. Na gani sarai, na ce wa raina ba komai.

Inna ta sa haƙoran, ta aiko a gaya mini Allah ya yi albarka. Kullum na shiga gaishe ta suna bakinta. Ina ta hura hanci, har wata biyu, sai ƙanwata ta tare ni a zaure.

"Yaya, kai ba ka gani ba ne? Kana fita take cire su ta ƙulle a bakin zane. Dasashinta duk gyambo. Ta ce in na hwaɗa maka ba ni ba ita."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa son Inna kamar ranar ba. Ta gwammace ta sha ciwo da ta ɓata aikin ɗanta.

Na aika Yamai aka kawo sabon gari, na juye shi a bokiti mai murfi. Na dama kaɗan, ya bushe, na gwada da farce, ko alama. Sannan na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, laifina ne. Garin da bai dace ba na zuba. Ki taimake ni ki sake zama."

Ta dubi ƙanwata. "Ce ma mutumin nan gobe da hantsi."

Haƙoran na biyu suka zauna daram. Bayan sati na shiga gida na iske ta da gasasshen kifi a gabanta. Na juya zan ba ta wuri kamar kullum, sai ta ce wa ƙanwata, "Ce mai ya zamna." Na zauna, ta ci gaba da tauna a gabana, tana zare ƙaya a hankali.

Inna ta rasu shekaru kaɗan bayan haka. Farin zubin tuni ya rugurguje na share shi. Mai ruwan ɗorawan yana nan a kan kantar ɗakin aikina, kowane lungu na bakinta yadda yake. In na ɗauko shi zan goge, har yau sai na ɗan kau da kai.