Bakan Jauro Ya Sake Tsagewa

Ina kishingiɗe a zaure sai ga Jauro, tsohon abokina makiyayi, ya ratso gonakin shinkafa daga Bunkure, riƙe da bakan da na sassaƙa masa. Bakan ya sake tsagewa.

Na cike tsagar da ƙaro, na naɗe ta da jiƙaƙƙiyar fatar akuya.

Na ce, "Jauro, ban hana ka jingine shi a rana ba? Ko man shanu ba ka shafa masa."

Ya ce, "Malam, in bai tsage ba, me zan ce ya kawo ni?"

Tun rasuwar mai ɗakina shi kaɗai ke leƙo ni. Na ce ya dawo in duba idan fatar ta bushe, alhali ba ta buƙatar dubawa.

Ku fa, wa ke ƙirƙiro dalili don ya gan ku?